Jajen da Ya Rufe Shagon Turare

Ku da kuke shigowa shagona kuna ɗaga waya sama, kuna cewa "Baba Sule, bari mu ɗauke ka, kasuwa za ta buɗe," in na hana ku koma gefe kuna cewa na cika faɗa, yau zan gaya muku dalili. Amma sai kun fara jin yadda sana'ar take. Na lura a ganinku haɗa turare bai wuce a tsiyayo daga babbar kwalba a zuba a ƙarama, a manna takarda mai ruwan gwal, a laƙaba masa sunan Larabci ba. Wannan ɗuri ne, kuma mai sayar da man gyaɗa a bakin kasuwa ya fi ku iya shi.

Ni ba turare ya kawo ni Dubai ba. Ɗaurin kaya nake yi a wani ofishin kago a Deira, da gemuna da iyalina a Kano. Ɗan Larabcin da na samo a Islamiyya shi ya sa 'yan kasuwarmu suke jana tafinta cikin lungunan kasuwar Naif. A haka na san Ammu Sabri, wani Bamisire mai shagon turare. Shagon tsukuku ne, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Dattijo ne gajere mai gashin baki, ba ya barin gemu, kuma yana wurin tun kafin a yi jirgin ƙasan da kuke hawa yanzu. Wata rana na raka wani Alhaji, aka miƙo mana wani man oud, na shinshina na ce wa Alhajin da Hausa, wannan warin tsohon akwati yake. Ammu Sabri ya ga na yamutsa fuska, ya ce sai na faɗa masa abin da na ce. Da na faɗa, ya daɗe yana kallona. Ashe da gangan ya fito da shi, man ya daɗe a gwangwanin da ba nasa ba. Bai yi wata guda ba ya maido bizata kan shagonsa.

Aikin farko da ya ba ni wankin kwalba ne, kuma na fi shekara ina yinsa. Ku wanke da ruwan zafi, ku kife, ku bari ta sha iska, sannan ku kai hanci. In kun ji wani abu, ko sabulu ne, ba ta wanku ba. Ya hana ni goro, ya hana ni tafarnuwa da ɗanyar albasa. Wata safiya na shigo ya ɗaga kai tun ina bakin ƙofa.

"Ya Sulaiman, me ka ci?"

"Tuwo da miyar kuka, Ammu."

"Akwai abin nan naku a ciki, mai warin takalmi?"

"Daddawa ce, kuma ba warin takalmi take ba."

"Yalla, fita. Ka dawo in ta sake ka."

Na tsaya a lungu kamar wanda aka kora daga aji, 'yan Pakistan masu tura kaya suna yi mini dariya. Daga ranar miyar daddawa ta koma ta daren Juma'a kawai, saboda ba ma buɗewa sai bayan masallaci. Ku kuwa na ga mai haɗa turare a cikinku da sigari a hannun hagu, sirinji a dama.

Kayan aikinmu ba su da yawa: sirinji, mazurari, ƙaramin ma'auni, ƙananan kwalaben turare da ake kira tola, da tsinken gilashi wanda ake ɗiga wa mai saye a bayan hannu. Sauran duk a hanci yake da hannu. Ammu Sabri ya koya mini cewa kowane turare mutum uku ne. Akwai mai gaisuwa, wanda yake tarbarka da an buɗe kwalba. Akwai mai zama, wanda yake fitowa bayan ɗan lokaci. Sai mai kwana, wanda za ka ji a wuyan rigarka washegari. Maƙaryacin turare duk ƙarfinsa a gaisuwa yake, kuma mutanenmu gaisuwa suke saye.

Na tuna wata Hajiya Binta mai shago a Kantin Kwari da ta zo sarin turaren amare. Ta ɗauki wani mai zaƙi ta ce shi take so, katan-katan. Ammu Sabri ya ɗiga mata a hannu ya ce in gaya mata ta fita ta zaga har bakin masallaci ta dawo. Ta ce, "Malam Sule, wannan Balaraben lafiyarsa kuwa? Cikin ranar nan?" Na ce Hajiya ki daure. Ta dawo tana haɗa gumi tana mita, ta kai hannun hancinta. Turaren ya juye ya koma kamar alewar da ta kwana a mota. A sanyin na'urar shago kowane turare mutumin kirki ne, amma amaryar da za ta shafa shi a Kano take, cikin zafi da taron biki. Ya haɗa mata wani da sandal a ƙasa, mara duhu don kada ya ɓata farin leshi. Har ta daina zuwa Dubai ba ta ƙara taka wani shagon ba.

Hannunsa kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Zai riƙe sirinji a kan bakin kwalba yana hira, ɗigo ya taru a tsini ya tsaya yana jiransa, ba zai faɗa ba sai ya ga dama. Yakan ce mai turaren da hannunsa ke rawa ya koma sayar da ruwa.

Akwai haɗi guda da ya yi suna da shi, Kanawa suka sa masa Mai Kwana. Na san duk abin da ke ciki, ni nake auna oud da wardi da miski da sauran. Amma abin da ake rufewa da shi man yasmin ne daga ƙauyensu, inda ake tsinkar furen da asuba, kuma shi ba a auna shi. Yasmin na bana ba ya zama irin na bara, sai an ɗiga an shinshina, an ɗiga an shinshina, har hanci ya ce ya isa. Wannan ba a faɗarsa da baki, sai ka tsaya kusa da mai yi ya riƙe maka hannu. Shekara da shekaru ina jira. A farkon shekarar da zan ba ku labari ya ce mini, "Bana in sabon yasmin ya zo bayan Sallah, kai za ka rufe Mai Kwana, ni in tsaya a bayanka."

Shekarar ita ce wadda Masar ta rikice. Sun zaɓi shugaba daga cikin masu kishin Islama, bai daɗe a kan kujera ba jama'a suka cika filaye suna cewa ya sauka. Magoya bayansa su ma suka yi nasu sansanin a bakin wani masallaci suka ce ba inda za shi. Sojoji suka ba shi wa'adi. Gab da azumi ne, lokacin da Naif take cika da 'yan sarin kayan Sallah, zafi kamar a kasko. Duk gidan shayin da ka shiga talabijin na nuna taron mutane da jirage masu saukar ungulu suna shawagi a kansu, amma an kashe murya. Masu shayi da masu sha kowa ya zuba ido, ba mai cewa uffan. Duk wanda yake zaune a ƙasar nan da ikama, wato takardar izinin zama, ya san abin da ake ciki. Hukumar Dubai ba ta ƙaunar mutanen shugaban nan ko kaɗan, kuma Bamisire ya fi kowa zama a kan ƙaya. Ba sai an kama ka ba. Ranar sabunta takarda za a ce babu, ba kuma wanda zai gaya maka dalili.

Ammu Sabri bai taɓa gaya mini wanda yake so ba. Abin da na sani, matarsa tana yi masa ƙorafin layin mai da ɗaukewar wuta a waya. Na kuma san ƙaramin ɗansa Mahmud yana aikin soja na dole, irin wanda ake ɗibar samarinsu, kuma an kai su babban birnin Masar. Hotonsa da kaki yana manne a cikin murfin kabad, inda mai saye ba ya gani. A kwanakin nan wayar yaron ba ta shiga. Dattijon sai ya buɗe kabad kamar zai ɗauko wani abu, ya rufe bai ɗauki komai ba.

Ana cikin wa'adin sojojin, bayan la'asar, sai ga Alhaji Tasi'u. Babban ɗan kasuwa ne daga Kano, tsohon mai sayen Mai Kwana, mutum mai kyauta da son a san ya yi karatu. Ya zo da tawaga daga otal ɗinsu, sun cika shagon har waje.

"Malam Sule, ina Balaraben namu? Jaje muka zo yi masa."

Kun san halinmu. Gobara ta tashi a garin mutum ko ambaliya, sai an ɗauki ƙafa an je an jajanta masa, wanda bai je ba a ce ba shi da zumunci. A gida abin yabo ne. Ni kuwa ina jin kalmar na san a nan za ta jawo mana matsala.

Na rage murya na ce, "Alhaji, don girman Allah a bar maganar nan. Nan ba Kano ba ne. In turare ne bismillah, in gaisuwa ce a gaisa a tafi."

"Kai Sule, zaman Dubai ya cinye maka imani ne? Ana so a tumɓuke bawan Allah mahaddacin Alƙur'ani, mu zo wa ɗan'uwanmu jaje ka ce a'a? Jajen ma sai da biza?"

'Yan rakiya suka yi dariya. Kafin in sake magana Ammu Sabri ya fito daga ciki yana goge hannu yana yi musu marhabin. Alhaji ya ce in fassara masa cewa abin da ya same su ya same mu, muna tare da su har a ga bayan azzalumai. Na juya na ce da Larabci, "Sun ce Allah ya zaunar da ƙasarku lafiya." Ya dafa ƙirji ya ce amin, ya gode. Na ɗauka an tsira.

Sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "A yi addu'a."

To ku gaya mini, wane Musulmi ne za a ce a yi addu'a a cikin shagonsa, baƙinsa sun ɗaga hannu, shi ya bar nasa a ƙasa? Ammu Sabri ya ɗaga. Ni ma na ɗaga. Alhaji ya fara da neman zaman lafiya, da Hausa. Daga nan ya ga ga Balarabe a gabansa, bari ya nuna nasa Larabcin, irin wanda ya haddace a kaset ɗin wa'azi. Ya kama sunan shugaban ya roƙa masa nasara, da ƙarfi, har masu tura kaya a lungu suka tsaya. Sannan ya juya kan sojoji. Allah ya tarwatsa su. Allah ya sa iyayensu su yi kukansu. Allah kada ya bar ko ɗaya daga cikinsu ya koma gida. Kowace gaɓa tawaga ta amsa da amin kamar rufin zai ɗaga.

Ni ina kallon hannun Ammu Sabri. Hannun da ɗigon turare yake tsayawa ya jira shi, ga shi yana karkarwa kamar na mai zazzaɓi. Bai sauke ba, bai kuma ce amin ba. Kabad ɗin da hoton Mahmud yake ciki yana daidai kafaɗarsa. A bakin ƙofa kuma ɗaya daga cikin tawagar, wani ɗan kasuwar takalma, ya ja da baya ya ɗaga waya don ya samu kowa da kowa, har da allon sunan shagon.

Aka shafa. Al'adarsa ce duk baƙon da ya shigo ba ya fita sai ya ɗiga masa turare a bayan hannu. Ya ɗauko kwalbar Mai Kwana, ya zaro tsinken gilashin, tsinken yana bugun bakin kwalba. Sai ya miƙo mini ya ce, "Ya Sulaiman, shafa musu." Ya shige ciki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗiga musu, raina yana tafasa, suna cewa masha Allah, Balaraben nan har ya kasa magana don daɗi.

Ina rufe shago na bi su otal. Na sami mai takalman na ce ya goge abin da ya ɗauka.

"Haba Malam Sule, ai tuni ta tafi. Ka ga yadda ake yaɗawa kuwa? Na rubuta har Misirawan Dubai suna tare da mu."

Na gaya wa Alhaji maganar Mahmud. Ya ce, "Ayya, ai ba da shi muke ba, da manyan muke." Na gaya masa maganar ikama. Ya ce, "Mai gaskiya ba ya tsoro, Sule." Kwana kaɗan ya gama lodin kwantenarsa ya hau jirgi. Abin da yake ƙona mini rai ke nan har gobe. Mutum ya zo da bizar mako biyu da tikitin komawa a aljihu, ya yi jarumtaka da wuyan wanda ya shekara talatin yana lallaɓa zamansa. Ni ma ina da ra'ayina a kan abin da ya faru a Masar, kuma ba lallai ya saɓa da na Alhaji ba. Amma a cikina yake, domin ba ni da ikon ɗora shi a kan allon shagon wani.

Sojoji suka cire shugaban. Azumi ya zo ya wuce, aka zubar da jini a can wanda ba na son tunawa. Mahmud dai ya bugo waya, yana raye. Ammu Sabri ya ci gaba da aiki, sai dai ya daina hira in yana riƙe da sirinji. Har na fara cewa ƙila abin ya bi iska.

Bayan Sallah kafil ɗinmu ya zo, ɗan ƙasa wanda sunansa ke kan lasisin shagon. Mutumin da sai a shekara ba a gan shi ba. Bai zauna ba. Ya ajiye waya a kan gilashi, hoton yana motsi, muryar Alhaji tana tashi.

"Habibi, wannan shagonka ne?"

"Shi ne."

"Wannan hannunka ne?"

Ammu Sabri ya kalli hoton ya ce, "Hannuna ne."

Na shiga tsakani. Na ce ya Shaikh, al'adarmu ce, jaje ake ce mata, su suka zo, bai gayyace su ba, ɗansa ma soja ne. Na buɗe kabad na nuna masa hoton. Ya kalla, kuma na ga ya yarda. Ya ce, "Al'adarku ce, amma sunana ne a lasisi. An riga an tambaye ni. Khalas, magana ta ƙare." Ban san wanda ya tambaye shi ba, a nan ba a bin irin wannan. Ikamar Ammu Sabri ba a sabunta ta ba.

Ni na ɗaure masa kayansa, da irin ɗaurin da na iya tun ina kago. Ya bar mini sirinjojinsa da ma'auni da tsinken gilashin. Ko sau ɗaya bai zagi Alhaji ba, ni na yi ta yi a madadinsa. Abin da ya ce kawai, "Mutanenka suna da kirki, ya Sulaiman. Kirkinsu ne ba ya duba inda yake taka ƙafa." Shagon yanzu rigunan waya ake sayarwa a ciki. Na sami wani kafil da ƙyar na buɗe wannan da kuke gani.

Sabon yasmin ya iso bayan tafiyarsa, wani matafiyi ya kawo. Na haɗa komai yadda na sani, na riƙe sirinji a kan kwalba na bugo masa waya. Ya ce in gaya masa abin da nake ji. Na ce ƙamshi nake ji. Ya yi dariya mara daɗi ya ce shi kuwa ta wayar ƙarar mashin kawai yake ji. Wayar da ta iya kai hotonsa har inda za a kore shi ta kasa kai masa ƙamshin kwalba ɗaya. Na gwada a shekarar, na gwada a ta gaba. Abin da nake haɗawa yana gaisuwa, yana zama, amma ba ya kwana. Ban taɓa sayar da shi da wancan sunan ba.

Da shekara ta zagayo Alhaji Tasi'u ya neme ni har ya gano sabon shagon. Ya shigo da fara'arsa da mutum biyu a bayansa.

"Malam Sule, ka ɓuya. A ba ni Mai Kwana, na gida ya ƙare, Hajiya ta dame ni. Ina Balaraben namu?"

Na gaya masa komai, ban rage ba, ban kuma ɗaga murya ba. Na ce yana ƙauyensu, yana sayar da 'yan kwalabe a faranti a ƙofar masallaci, mutumin da manyan Kano suke layi a shagonsa. Na ce Mai Kwana ya tafi tare da shi.

Alhaji ya girgiza kai, kuma na yarda har zuciyarsa abin ya taɓa shi. Ya ce, "Allahu akbar. Jarrabawa ce. Wallahi ban sani ba." Ya juya ga mutanensa, ya ɗaga hannu. "To a yi masa addu'a."

Hannayensu suka tashi. Ɗaya har ya fara laluben waya a aljihu. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa cewa a yi addu'a na ƙi ɗagawa ba. Ranar na dafa gilashin da hannu biyu na bar su a nan.

"Alhaji, masallaci yana ƙarshen lungun nan," na ce. "Wadda kuka yi masa bara ma bai gama biya ba."

Ya tsaya da hannu a sama yana kallona, ya rasa ko ya shafa ko ya sauke. Daga baya ya sauke. Suka fita, ban ɗiga wa kowa turare ba.